Maganin da ke fatar kwaɗo, da wanda muke zubawa a ruwan kaji

Salma (Samaru): Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina da tambaya ga likitocinmu da malaman kimiyya da ke nan. Binciken da mujallar Lancet ta fitar a 2022 ya nuna cewa a shekarar 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka mutu kai tsaye saboda ƙwayoyin cuta masu bijire wa magani, kuma idan aka auna da yawan jama'a, yankinmu na Afirka ta Yamma ne abin ya fi yi wa ɓarna, mutum 27 cikin kowane 100,000. To a aji an koya mana cewa mutum da kwaɗo da ƙudan zuma, har tsirrai, duk suna da wasu guntayen furotin a jikinsu da ake kira feftayid, masu kashe bakteriya. A rumbun bayanai na Jami'ar Nebraska an tara sama da 3,000 na halitta. In dai suna da yawa haka, kuma suna kashe har ƙwayoyin da suka gagari antibayotik, me ya hana a mayar da su allura ko kafso? An fi shekara 40 ana maganarsu fa.

Malam Nura: Wa alaikumus salam. Tambaya mai kyau, Salma. Bari na fara da yadda suke aiki, don sauran 'yan gida su bi mu.

Feftayid ɗin nan gajeru ne, yawanci amino asid 12 zuwa 50 aka jera. Suna ɗauke da cajin lantarki mai kyau, wato fozitib, ita kuwa fatar da ta lulluɓe bakteriya cajinta negetib ne, don haka sai su manne mata. Gefe ɗaya na jikinsu na son ruwa, ɗaya gefen na son maiƙo, sai gefen maiƙon ya nutse cikin fatar ya ɓula ta, kamar a huda salka da tsinke, abin da ke ciki ya tsiyaye, ƙwayar ta mutu cikin mintuna. Ƙwayoyin jikinmu kuwa bayansu ba shi da wannan caji sosai, ga kolestarol da ke ƙarfafa fatarsu, shi ya sa feftayid ya fi karkata ga bakteriya.

A 1981 Hans Boman da abokan aikinsa a Suwidin suka fitar da wani feftayid mai suna sekurofin daga jikin wani babban ƙwaro mai saƙar siliki. A 1985 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalis suka bayyana wani mai suna difensin a cikin fararen ƙwayoyin jinin ɗan Adam. Amma labarin da ya fi tashe shi ne na Michael Zasloff a 1987. Yana yi wa kwaɗin Afirka tiyata yana ciro ƙwai don wani bincike dabam, ya ɗinke su ya mayar cikin ruwan da ke cike da ƙwayoyin cuta, sai ya lura ɗinkin na warkewa ba ruɓa ba mugunya. Da ya bincika fatarsu ya samu wani feftayid, aka sa masa suna magainin. A lokacin mutane da yawa sun ɗauka an gama, sabon zamanin magani ya zo.

Salma (Samaru): To Malam ina aka kwana da shi?

Malam Nura: An gyara shi aka yi wani mai amino asid 22, feksiganan, a matsayin man shafawa ga gyambon ƙafar masu ciwon suga. A 1999 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta ƙi amincewa da shi, domin gwajin bai gamsar da ita cewa ya fi abin da ake da shi ba. Wani kamfani, Dipexium, ya sake ɗauko shi ya yi manyan gwaje-gwaje biyu. Sakamako ya fito a 2016: waɗanda aka shafa wa man da babu magani a ciki, aka dai wanke musu ciwon aka kula da shi yadda ya kamata, sun warke daidai da waɗanda aka shafa wa feksiganan. Nan maganar ta tsaya.

Dakta Rabi: Malam Nura, ka yi mini izini na shigo ta nan. Salma ƙanwata, akwai abin da za a gyara a tambayarki. Feftayid na halitta sun daɗe da shiga asibiti. René Dubos ya samo giramisidin daga bakteriyar ƙasa a 1939, tun fenisilin bai wadata ba. Masu bincike a Tarayyar Sobiyet sun samo wani ɗan'uwansa a 1942, aka yi ta sa wa sojoji a raunuka lokacin yaƙin duniya na biyu. Har gobe yana cikin wasu magungunan ɗigawa a ido da kunne. Amma ba a taɓa iya yin allurarsa ba, saboda yana fasa jajayen ƙwayoyin jini. Basitirasin ma haka, shafawa ake yi, don yana taɓa ƙoda.

Wanda ake sawa a jijiya shi ne kolistin, wanda aka gano a Jafan wajen 1950. Likitoci sun jingine shi a shekarun 1970 saboda illarsa ga ƙoda da jijiyoyi. Da magunguna suka fara ƙarewa a farkon shekarun 2000, dole aka koma aka ɗauko shi. Ni na sa shi da hannuna, kuma ba na fatan ranar da zan sake. Kana ba mara lafiya, kana auna fitsarinsa, kana tura jini gwajin ƙoda, zuciyarka na dukan uku-uku. A binciken da aka yi a wurare daban-daban, daga kashi ɗaya cikin biyar har zuwa kusan rabin waɗanda aka ba shi ƙodarsu na taɓuwa. A garin da injin wankin ƙoda bai fi a ƙirga da yatsu ba, kin ga abin da wannan ke nufi.

Alhaji Mai Kaji: Dakta, ranki ya daɗe, kolistin kika ce? Wannan sunan ai yana jikin fakitin garin maganin da muke zuba wa 'yan tsaki a ruwa.

Malam Sani Mai Zuma: Ni dai ina ganin ana ta zagaye-zagaye. Allah ya faɗa a Suratun Nahli cewa akwai waraka a cikin zuma. Yanzu ga shi ku da kanku kun ce ƙudan zuma na da wannan sinadari. Me zai sa mu jira Turawa su shekara 40 suna gwaji, alhali ga abu a hannunmu? Na ga gyambon da aka yi ta kai wa asibiti bai warke ba, zuma ta warkar da shi.

Malam Nura: Malam Sani, ba na musun abin da ka gani. Masu bincike a Holan sun nuna a 2010 cewa akwai difensin na ƙudan zuma a cikin zuma, kuma yana daga cikin abin da ke ba ta ƙarfi, tare da yawan sukarinta da tsaminta da sinadarin haidurojin feroksaid da take fitarwa. Akwai zumar da aka tace aka kashe ƙwayoyin cikinta, ana ɗaure ciwo da ita a asibitocin duniya. A kan fata ke nan. Amma wanda cuta ta shiga masa jini, ko ya sha kwalba guda, feftayid ɗin ba zai kai jinin ba, domin ciki narkar da shi zai yi kamar yadda yake narkar da kowane furotin.

Sista Ladi: Don Allah a ƙara da wannan: jariri da bai kai shekara ɗaya ba, kada a ba shi zuma ko kaɗan. Akwai ƙwayar cuta da ke iya ɓuya a cikinta ta shanye wa jariri jiki har numfashi ya gagara. Kuma kada a shafa a cibiya. Muna ganin abin da ke biyo baya a ɗakin jarirai.

Malam Sani Mai Zuma: Na ji ta jarirai, Sista, zan kuma riƙa faɗa wa masu saye. Amma ta manya ina nan a kan bakana.

Dakta Rabi: Ga ciwon fata mara zurfi ba mu da faɗa da kai, Malam. Mai ciwon suga dai da ƙafarsa ta fara baƙi ko wari, ko zazzaɓi ya shigo, a kawo shi a ranar. Kwana uku na jira na iya zama sanadin yanke ƙafa.

Auwal (famasi): Na ga an bar tambayar Salma ba a ƙarasa ba. Ni abin da zan ce daga ɓangaren haɗa magani shi ne, kashe bakteriya a faranti a ɗakin gwaji abu ne mai sauƙi, sabulu ma na yi. Wahalar tana cikin jikin mutum. Da feftayid ya shiga jini, akwai sinadaran da aikinsu ke nan yanka furotin, cikin mintuna sun daddatsa shi. Wanda ya tsira, ƙoda ta tace shi ta fitar, kuma a can yake taruwa ya yi ɓarna. Gishirin da ke jini na rage masa ƙarfin mannewa, furotin ɗin jini kuma na riƙe shi. Sai ka ga abin da ya yi abin mamaki a faranti, a jiki sai an ninka shi sau da yawa, kuma da an ninka sai ya fara fasa ƙwayoyin mutum.

Misali na kusa shi ne murefabadin. Kamfanin Polyphor na Suwizalan ya ƙera shi daga wani feftayid na fararen ƙwayoyin jinin alade, an auna shi ga bakteriyar Sudomonas kaɗai, mai kashe mutanen da ke kan injin numfashi. Ya kai matakin gwaji na uku, na ƙarshe ke nan. A 2019 aka dakatar, saboda yawan waɗanda ƙodarsu ta samu matsala. Daga baya suka koma gwada shi ta hanyar shaƙa, don ya tafi huhu kai tsaye.

Salma (Samaru): Yaya Auwal, wannan duk ya sa jikina ya yi sanyi. Ke nan babu wanda ya yi nasara?

Malam Nura: Akwai, kuma labarinsa ne ya sa ni ban fid da rai ba. Daftomaisin. Daga wata bakteriya aka same shi, a ƙasar da aka ɗebo a Dutsen Ararat na Turkiyya. Kamfanin Eli Lilly ya gwada shi a shekarun 1980, ana yin allurar sau biyu a rana, sai aka ga yana lalata tsoka, suka ajiye. A 1997 wani ƙaramin kamfani, Cubist, ya karɓa. Ba su canza maganin ba. Sun gano cewa in aka ba da shi gaba ɗaya sau ɗaya a rana, tsoka na samun hutun da za ta farfaɗo kafin allura ta gaba, ƙarfin kashe ƙwayar kuma na nan. A 2003 aka amince da shi, yau yana cikin manyan makaman yaƙi da bakteriyar Stafilokokus mai taurin kai. Yana da iyakarsa, ba ya aiki ga ciwon huhu don maiƙon da ke cikin huhu na kashe masa kaifi. Amma ki duba: maganin da aka jefar, lokacin ba da shi kawai aka gyara ya dawo.

Sannan maganar Auwal ta saurin lalacewa a jini, masu haɗa sinadarai sun san dabarunta yanzu. Ana naɗe feftayid a haɗa kansa da wutsiyarsa ya zama zobe, ana sa amino asid masu juyayyar ƙira, kishiyar irin na jikinmu, waɗanda sinadaran jini ba su san yadda za su yanka ba, ana liƙa masa maiƙo don ya daɗe. Sinadarin da aka kwaikwaya aka yi Ozempic, allurar ciwon suga, a jikin mutum minti biyu yake yi ya ɓace. Da aka gyara shi, allura ɗaya na kai mako.

Auwal (famasi): Malam, da girmamawa, wannan misalin na Ozempic yana da rami. Shi kusan miligiram 1 ake yi a mako. Daftomaisin kuwa miligiram 6 ne ga kowane kilo na nauyin mutum a kullum, mai kilo 60 zai sha 360 a rana ɗaya. In da hanyar Merrifield za a haɗa, wadda ake jera amino asid ɗaya bayan ɗaya ana wankewa a kowane mataki, kuɗin zai yi yawan da talakan Kano ko Maraɗi ba zai ko tambaya ba. Kolistin da daftomaisin bakteriya ce ke yin su a cikin manyan tankuna, shi ya sa ake iya sayensu.

Kuma ko an ƙera, wa zai saya? Sabon antibayotik mai kyau ɓoye shi ake yi sai ta ɓaci, kwana bakwai ko goma a sha a gama. Kamfanin Achaogen ya samu amincewa da sabon maganinsa a 2018, a Afrilun 2019 ya karye. Shi ya sa Ingila ta fara biyan kamfani kuɗi tsayayye duk shekara, har fam miliyan 10 a gwajin farko, ko an yi amfani da maganin ko ba a yi ba. Wace gwamnati ce a yankinmu za ta yi haka?

Malam Nura: Ka yi gaskiya a lissafin. Amma insulin ma feftayid ne, kuma tun 1982 ake sa bakteriya ta yi shi. Naisin kuma, wanda bakteriyar madara ke fitarwa, ana zuba shi a cuku da abincin gwangwani shekara da shekaru don kada su lalace, kuma ba tsada. Hanyar yin da yawa tana nan in aka samu wanda ya cancanta.

Ɗan Damagaram: Salamu alaikum. Ina bin ku tun ɗazu. Ni ba lokotoro ba ne, amma na yi aiki a wurin kula da yara masu tamowa. An yi wani bincike a Maraɗi da ya fito a 2011: yaran da aka kwantar, kusan kashi 31 cikin 100 sun zo da ƙwayoyin hanji masu karya manyan antibayotik, waɗanda kuma suka zo babu, kashi 94 cikin 100 sun ɗauka kafin a sallame su. Yau shekara nawa ke nan. Abin da nake so na sani, wannan sabon maganin da kuke magana, in ya fito, ƙwayoyin ba za su saba da shi ba kamar yadda suka saba da sauran?

Salma (Samaru): An ce mana da wuya su saba, saboda sai sun canza fatarsu gaba ɗaya, kuma halittu sun yi miliyoyin shekaru suna amfani da su ba su daina aiki ba.

Dakta Rabi: Haka aka yi ta faɗa, Salma, kuma wannan maganar ce ta fi tayar mini da hankali. A 2006 Zasloff da kansa ya haɗa kai da masu bincike a Kanada suka gwada. Suka yi ta rainon bakteriya a cikin feksiganan kaɗan-kaɗan ana ƙarawa, bayan zuriya 600 zuwa 700 mafi yawansu sun daina jin sa. A 2012 wasu a Ingila suka nuna cewa Stafilokokus da ta saba da feksiganan tana iya rage jin difensin na jikin mutum ma. Ki tsaya ki yi tunanin wannan. In ƙwaya ta saba da amfisilin, magani ɗaya muka rasa. In ta saba da abin da ya yi kama da garkuwar da aka halicce mu da ita, jikinmu ne muka raunana.

A jikin kwaɗo ko mutum, ba feftayid ɗaya ke fita ba. Iri-iri ne suke fita tare, a daidai wurin ciwon, na ɗan lokaci, su ɓace. Mu kuwa guda ɗaya za mu ɗauka, mu yi tan-tan, mu watsa a duniya.

Dakta Haruna (likitan dabbobi): Kuma an riga an yi hakan. Alhaji Mai Kaji ya yi tambaya tun sama ba wanda ya amsa masa, alhali a nan gizo ke saƙar. Alhaji, e, shi ne. Kolistin ɗin da Dakta Rabi ke sa wa wanda ya rage saura ƙiris, shi ne a cikin garin da kake zuba wa tsaki, sau da yawa haɗe da wasu antibayotik biyu ko uku da bitamin.

A Nuwamban 2015 masu bincike a Chaina suka ba da rahoton wani ƙwayar gado mai suna mcr-1 a cikin bakteriyar hanjin aladu da naman kasuwa da kuma wasu marasa lafiya. Aikinsa shi ne ya liƙa wani abu a fatar bakteriya ya rage mata cajin negetib ɗin da Malam Nura ya yi bayani, sai kolistin ya rasa wurin kamawa. Mafi muni, yana kan wani ɗan zoben gado da bakteriya ke miƙa wa junansu, har waɗanda ba jinsi ɗaya ba. Cikin 'yan watanni aka gan shi a ƙasashe da dama. Chaina ta hana sa kolistin a abincin dabbobi don ƙiba a 2017, kuma bayan hanin an ga yawan mcr-1 ya ragu a dabbobi da mutane. A Najeriya ma an same shi a kaji. A 2023 kuma masu bincike a Oksfod suka nuna cewa bakteriyar da ke ɗauke da shi ta fi jure wa feftayid na jikin mutum da na dabbobi. Abin da Dakta ke tsoro ya riga ya fara.

Alhaji Mai Kaji: Innalillahi. To amma Dakta Haruna, ku ma ku duba mu. Tsaki 2,000 za ka zuba, kuɗin abinci ya ninka, in zawo ya shigo a makon farko sai ka kwashe gawa da buhu. Duk wanda na sani haka yake yi, mai sayar da tsakin ma shi ke ce maka ka fara da shi daga ranar farko. Kuma ni ban taɓa cin kaza na ji wani abu ba.

Dakta Haruna (likitan dabbobi): Ba a naman ne matsalar ta fi yawa ba, Alhaji. Kolistin in an sha ta baki kusan ba ya ratsa hanji ya shiga jiki. A cikin hanjin yake zama, ya kashe masu rauni ya bar masu mcr-1 su yi yawa, sannan duk su fito a kashi. Kashin nan ina yake zuwa? Masu lambu ke saye buhu-buhu su zuba wa latas da kabeji da tumatir, waɗanda ake ci ɗanye. Yaran da ke share kejin, da masu fiɗa a kasuwa, da hannunsu suke kai shi gida.

Sista Ladi: Daga gida kuma ya zo mana. Binciken BARNARDS da aka yi kan jarirai masu cutar jini a ƙasashe bakwai, har da asibitoci a Kano da Abuja, ya nuna cewa amfisilin da jentamaisin, waɗanda su ne matakin farko, ba sa kama mafi yawan ƙwayoyin da aka samu. Mu da ke tsaye a kan jariran mun san haka tun kafin a rubuta. Sai ka canza magani sau uku, uwa na kallonka. Sau da yawa ma ba a san wace ƙwaya ce ba, don gwajin shuka jini, wanda ake rainon ƙwayar da ke cikin jini a gane ta, ya fi ƙarfin aljihun uban, ko kwalaben gwajin sun ƙare.

Malam Nura: Ban musa ko ɗaya ba. Amma kada Salma da 'yan ajinsu su tashi da cewa binciken banza ne. Darasin da aka koya shi ne a rage dogaro da masu ɓula fata kawai, a nemi masu kama wani takamaiman abu da mutum ba shi da shi. Teksobaktin da aka samo a 2015 daga ƙasar jihar Maine yana kama tubalin da bakteriya ke gina bangonta da shi. Zosurabalfin na kamfanin Roche, wanda aka bayyana a Janairun 2024 bayan tace feftayid masu zobe kusan 45,000, yana toshe hanyar da bakteriyar Asinetobakta ke fitar da kayan gina fatarta ta waje, su taru a ciki su kashe ta. An fi shekara 50 ba a samu sabon rukunin magani ga irin waɗannan ƙwayoyin ba. A Maris na 2025 kuma Jami'ar McMaster a Kanada ta bayyana lariyosidin, daga ƙasar farfajiyar gidan wani a garin Hamilton. Ƙirarsa zarge ce, wutsiyar ta ratsa ta cikin zoben, shi ya sa yake da wuyar yankawa, kuma injin haɗa furotin na bakteriya yake tsayarwa. Ya yi aiki a ɓeraye. Daga ɓera zuwa mutum tafiya ce mai nisa, na sani.

Abin da ke ci mini rai shi ne, ƙasar farfajiyar gida ce fa. Mu ƙasar fadamar Haɗeja da ta tafkin Chadi da bakteriyar da ke cikin kindirmo da daddawa, wa ya bincika su da irin wannan zurfin? Kwaɗon Xenopus tropicalis da aka karanta dukan ƙwayoyin gadonsa a 2010, wanda dakunan bincike na duniya ke kiwo, asalin zuriyarsa daga Najeriya aka ɗauka.

Auwal (famasi): Malam, nemo sababbi ba shi ne ƙarancinmu ba. A 2024 wata tawaga ta yi amfani da kwamfuta ta zaƙulo feftayid sama da 860,000 daga bayanan gadon ƙananan halittu, suka haɗa 100, 79 suka nuna aiki a faranti. In ɗalibanmu suka ƙara goma a kai, me ya canza? Kowace shekara ana rubuta kundin digiri a kan ganye kaza ya kashe ƙwaya kaza a faranti, a ajiye a kan kanta. Ba wanda ke gwada ko yana fasa jini, ba wanda ke gwada shi a cikin ruwan jini ya ga ko zai kai awa ɗaya.

Malam Nura: Wannan gyaran na karɓe shi, kuma gwaje-gwajen biyu da ka ambata ba su fi ƙarfin ɗakunan gwajinmu ba. Zan ƙara na uku: a gwada a kan ƙwayoyin da aka ciro daga marasa lafiyarmu, ba waɗanda aka sayo daga waje masu jin kowane magani ba.

Dakta Rabi: In za a tara irin waɗannan ƙwayoyin a adana su da bayanin magungunan da suka bijire wa, ni da kaina zan nemi izinin kwamitin ɗa'a na wurin aikinmu. Ko ba a samo sabon magani ba, aƙalla za mu san abin da ke kashe mana mutane unguwa-unguwa, mu daina harbi a duhu.

Alhaji Mai Kaji: Ni dai a ba ni abin yi. Jibi ake kawo mini sababbin tsaki. In ban zuba wannan garin ba, me zan zuba?

Dakta Haruna (likitan dabbobi): Kafin su iso, Alhaji, a kwashe tsohuwar dusar katako gaba ɗaya, a wanke ɗakin da maganin kashe ƙwayoyi, a bar shi ya bushe. In da hali nan gaba ka riƙa barin mako biyu tsakanin fitar wasu da shigar wasu. Ranar farko ruwa mai tsabta da gulukos da bitamin zalla, ka karanta bayan fakitin ka tabbatar ba antibayotik a ciki. Ka kula da ɗumi, don sanyi da cunkoso da jiƙaƙƙiyar dusa su ne ke kashe tsaki a makon farko fiye da komai. A wanke mazubin ruwa kullum, a ajiye ruwan magani a bakin ƙofa na tsoma takalmi, kada mai sayen kaji ya shiga ciki. Rigakafin Nukasil da Gumboro a kan lokaci, kuma a ɗauko shi cikin ƙanƙara.

In ka ga mutuwa ta wuce ƙa'ida, ka kai gawa biyu ko uku da ba su daɗe ba a buɗe a gani, domin zawo da yawa na koksidiya ne, wata ƙwayar cutar hanji da ba bakteriya ba, wadda kolistin ba ya taɓawa sam. In ta kama a ba da antibayotik, akwai waɗanda za a zaɓa ba shi ba. Kashin kuma ka tara shi ka rufe ya yi zafi ya ruɓe na wasu makonni kafin ka sayar wa masu lambu. Turo mini hoton bayan fakitin da ke hannunka ta akwatin sirri, na ga abin da ke ciki.

Alhaji Mai Kaji: Yanzu kuwa, Dakta. Iri uku ne a wurina, zan ɗauko duka.